Tef Ba Ya Son Jira: Me Ke Sa Kwafin Bayanan Manyan Ma'aikatu Jan Ƙafa?

Ƙorafin iri ɗaya ne a kusan duk inda ake da babban rumbun bayanai da ma'aikata ke shiga ta netwok, ko banki ne, ko jami'a, ko gidan talabijin. Ana tayar da aikin kwafe rumbun zuwa tef ranar Juma'a da dare, da niyyar ya kammala kafin ma'aikata su dawo. Litinin ta yi, an buɗe ofis, aikin bai kai ko rabi ba. Masu buɗe fayil suna kukan komai ya yi nauyi, mai kula da na'urori kuma ya rasa inda zai sa kansa. In ya tsayar da aikin, ma'aikata ta shiga mako ba ta da cikakken kwafin ko-ta-kwana. In ya bar shi, ƙorafi ya ci gaba da sauka a kansa. Shawarar da ta fi saurin fitowa daga bakin shugabanni ita ce a sayo sabuwar na'urar tef, tunda wannan ta tsufa.

Sau da yawa wannan shawara kuɗi kawai take ci, wani lokacin ma sai ta ƙara dagula al'amarin. Mutum ba zai ga dalilin haka ba sai ya san irin gudun da na'urar take da shi.

A shekarar 2000 ne kamfanonin HP da IBM da Seagate suka fito da tsarin tef na LTO, wanda shi ne ya mamaye kasuwa har yau. Kaset na farko yana ɗaukar gigabait 100, ana rubuta masa megabait 20 a daƙiƙa. LTO-7 na shekarar 2015 ya kai terabait 6 da megabait 300 a daƙiƙa. LTO-8 na 2017 ya kai terabait 12 da megabait 360, sai LTO-9 na 2021 mai terabait 18 da megabait 400. Faifan kwamfuta mai juyawa guda ɗaya, ko da na manyan kamfanoni ne, yawanci ba ya kai megabait 300 a daƙiƙa. Ke nan na'urar da ake zargi da nawa ta fi faifan da ake ɗebo mata bayanai sauri. In aka ba LTO-8 abin da take buƙata, za ta cika kaset ɗinta a cikin awa tara da 'yan mintoci. Duk wanda nasa ke ɗaukar kwana uku, akwai abin da ke tare wa na'urar hanya.

Cikin kaset ɗin LTO-8 akwai zaren tef mai tsawon mita 960, faɗinsa rabin inci. Na'urar tana jan sa da gudu ta gaban kan rubutu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ta juya ta dawo a kan wasu layukan, haka har sau 208 kafin kaset ya cika. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, ba ta iya rubutu sai zaren yana tafiya a kan gudunsa. Tana da 'yar ma'ajiya ta wucin gadi a cikinta, wajen gigabait 1, wadda take tara abin da aka turo mata. A cikakken gudu wannan ma'ajiya ba ta kai daƙiƙa uku take ƙarewa. Da zarar ta ƙare, dole na'urar ta taka birki. Kafin zaren ya tsaya cak ya riga ya wuce inda rubutu ya yanke, sai ta ja shi baya, ta jira ma'ajiyar ta ɗan cika, ta sake ɗaukar gudu, ta nemo daidai inda ta tsaya, sannan ta ci gaba. Masu sana'ar suna kamanta wannan da yadda mai goge takalmi ke kai tsumma yana dawo da shi a wuri ɗaya. Wanda ya tsaya kusa da na'urar zai ji shi da kunnensa: maimakon ƙara guda mai ɗorewa, sai ya ji inji yana tashi yana faɗuwa, yana tashi yana faɗuwa. Kowane zagaye yana cin daƙiƙoƙin da ba a rubuta komai ba, yana kuma cin kan rubutun da shi kansa zaren.

Masu ƙera na'urorin sun san da wannan, shi ya sa suka sa musu dabarar rage gudu domin su daidaita da abin da ake turo musu. Sai dai ragewar tana da iyaka. LTO-4 ta shekarar 2007, wadda ƙarshen gudunta megabait 120 ne, tana iya saukowa zuwa wajen 40 ta ci gaba da tafiya lafiya. LTO-8 ba ta sauka ƙasa da megabait ɗari da 'yan kai. To ka ga rumbun da ke bayar da megabait 60 a daƙiƙa yana zaune lafiya da tsohuwar na'ura, amma ranar da aka ɗaura masa sabuwa sai kai-komo ya fara, gudun ma ya faɗi ƙasa da sittin ɗin da ake samu a da. An kashe kuɗi masu yawa an sayo matsala.

Akwai wani abu kuma da ke ɗaga wannan iyaka sama ba tare da an lura ba, wato matse bayanai. Na'urar tana matse abin da ya shigo kafin ta rubuta shi, kuma ana auna gudun zaren ne da abin da ya rage bayan matsewar. Idan bayanan irin masu matsuwa ne, kamar rumbun lissafi ko takardun rubutu, har suka koma rabi, to sai an turo mata ninki biyu kafin ta samu abin da zai ishe ta tafiya. Iyakar da take ɗari da wani abu ta koma ɗari biyu da wani abu. Lambobin da ake bugawa a jikin kwali, kamar terabait 30 a kan kaset ɗin LTO-8, an gina su ne a kan zaton bayanai za su matsu ninki biyu da rabi. Bidiyo da hotuna da duk fayil ɗin da aka riga aka matse ba sa ƙara matsuwa, don haka gidan talabijin kada ya sa ran ganin waɗannan lambobi ko sau ɗaya.

Tambayar da ta dace ke nan ita ce, a ina bayanan ke maƙalewa kafin su iso? Wuri na farko da ake dubawa shi ne waya. Layin netwok mai gigabit 1 ba ya wuce megabait 125 a daƙiƙa ko a takarda, a aikace kuwa wajen 110 ake samu. Wannan daidai yake da ƙasan abin da LTO-8 ke jurewa, kuma da wannan gudun terabait 12 sai ya ci awa 30, in har babu wanda ke amfani da layin sai aikin kwafi kaɗai. Wasu sukan haɗa layuka biyu ko huɗu su ɗaure su wuri guda suna zaton gudun zai ninka. Wannan ɗauri yana raba zirga-zirga ne tsakanin masu magana daban-daban, amma magana guda tsakanin rumbu da sabar kwafi a layi ɗaya take bi, sauran suna zaune. Ƙara girman ƙunshin bayanai daga bait 1,500 zuwa 9,000 yana ɗan taimakawa, amma in aka manta na'ura ɗaya a hanya ba a saita ta ba, abin da zai biyo baya ya fi na da muni. Maganin gaskiya a nan shi ne layi mai gigabit 10 ko fiye, kuma wanda aka ware wa aikin kwafi shi kaɗai.

Wannan shi ne mai sauƙin ganowa, kuma kuɗi ke magance shi. Wanda ya fi wahala yana cikin rumbun kansa.

Rumbun fayiloli na netwok, irin na NetApp ko Dell EMC, ba ya barin a ɗora masa manhajar kwafi kamar yadda ake ɗora wa saba. Hanya mafi sauƙi ita ce sabar kwafi ta shige shi kamar kowane ma'aikaci, ta SMB ko NFS, ta riƙa buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya. Kowane fayil sai an tambayi sunansa da girmansa da masu izini a kansa, a buɗe, a karanta, a rufe, kuma kowace tambaya sai ta je ta dawo ta kan waya. Domin kauce wa wannan ne NetApp da wani kamfani mai suna Intelliguard suka ƙirƙiro tsarin NDMP a shekarar 1996. A wannan tsari sabar kwafi umarni kawai take bayarwa, rumbun ne da kansa ke tattara bayanai ya tura su. Ana iya jona na'urar tef kai tsaye da rumbun ta wayar Fibre Channel, bayanai ba su taɓa netwok ba. Ana iya bi ta wani rumbu na biyu mai tef a jikinsa, ana kuma iya turawa ga sabar kwafi ta kan netwok. Na farkon ya fi sauri nesa ba kusa ba. Abin takaici, ana samun wurare da dama da suka kunna NDMP suna ganin sun gama, alhali sun bar shi a kan tsari na uku, bayanan suna nan suna bin tsohon layin gigabit 1.

Ko da an jona kai tsaye, NDMP ba ya kawar da babbar matsalar, wato yawan ƙananan fayiloli. A rumbun NetApp, aikin yana tafiya ne mataki-mataki: sai ya fara zagaya duk rumbun ya tantance abin da za a kwafa, sannan ya rubuta bayanan foldoji, sannan fayilolin kansu, daga ƙarshe izinin shiga. A matakin zagayen nan babu abin kirki da ke isa tef. Rumbu mai miliyoyin fayiloli yana iya shafe awanni a nan, kaset yana ciki, na'ura a kunne, an hana wani aikin amfani da ita. Bayan an fara rubutu ma, lissafin ba ya daɗi. A ɗauki misalin rumbu mai fayil miliyan 50, kowanne kilobait 20. Duka-duka terabait 1 ne, abin da LTO-8 za ta haɗiye cikin ƙasa da awa ɗaya. Amma in rumbun fayil dubu yake iya buɗewa a daƙiƙa, megabait 20 ke nan yake bayarwa, aikin kuma zai kai kusan awa 14, duk a cikin kai-komo. Foldojin ma'aikata da takardun da aka ɗauka da sikana da tsofaffin saƙonnin imel su ne suka fi haddasa wannan. Kwafin kullum, wanda ke ɗaukar abin da ya canja kawai, ya fi kowanne azabtar da tef, domin dole a zagaya miliyan hamsin ɗin kafin a tsinto 'yan dubban da suka canja, a riƙa ɗiga su ɗaya-ɗaya.

Hanyoyin fita daga wannan kowace da farashinta. Ana iya kwafe rumbun a dunƙule, tubali bayan tubali, ba tare da kula da fayiloli ba, kamar yadda SMTape na NetApp ke yi. Gudu yana tashi sosai, amma ranar da wani ya goge takarda ɗaya ya zo nema, fito da ita kaɗai ba ya yiwuwa cikin sauƙi. Ana iya raba babban rumbu gida-gida, a tayar da ayyuka da dama lokaci guda. A ganina abin da ya fi amfani shi ne wanda aka fi gudu saboda yana buƙatar magana da mutane: a ware fayilolin da aka shekara biyar ba a taɓa ba, a yi musu kwafi biyu na dindindin, a cire su daga zagayen mako-mako. Ba daidai ba ne a riƙa wahalar da na'ura kowace Juma'a a kan takardun da ba su canja ba tun 2016. Sannan a duba abin da rumbun ke yi da daren. Sau tari an jera masa binciken ƙwayar cuta da gyaran faifai da aikin cire maimaici duk a daren da ake kwafi, saboda kowa ya ɗauka dare lokacin hutu ne.

Duk wannan bayani ba zai amfani kowa ba in ba a auna ba, kuma aunawar ba ta da wuya. Hanya ce mai gaɓa uku, sai a gwada kowace ita kaɗai. A sa rumbun ya karanta bayanan ya zubar ba tare da tura su ko'ina ba, a ga gudunsa. A gwada waya da manhaja irin iperf tsakanin rumbu da saba. A gwada na'urar tef da kayan gwajin masu ita, ITDT na IBM ko Library and Tape Tools na HPE, waɗanda ke ƙirƙiro bayanai daga ƙwaƙwalwar saba su tura mata kai tsaye. Lamba mafi ƙanƙanta cikin ukun ita ce mai laifi. Masu amfani da manhajar kwafi ta NetBackup ma an sauƙaƙa musu, domin a ƙarshen kowane aiki rajistarsa tana faɗin sau nawa ɓangaren tef ya zauna jiran a cika masa ma'ajiya, da sau nawa ɓangaren ɗebo bayanai ya zauna jiran a sauke masa. In na farkon ya kai dubbai na biyun kuma bai taka kara ya karya ba, magana ta ƙare, yunwa na'urar ke ji. Abin mamaki ne yawan wuraren da ke sayen kaya ba su taɓa buɗe wannan shafi ba.

Tsohuwar dabarar ciyar da na'ura mai yunwa ita ce a haɗa mata majiyoyi da yawa, a riƙa saƙa bayanan saba shida ko takwas a kan kaset ɗaya. Tana aiki, zaren yana tafiya ba tsayawa. Amma ni ba na son ta in ta wuce kima, saboda bashi ne da ake biya ranar da aka fi buƙatar sauri. Mai son maido da bayanan saba ɗaya dole ya karanta na takwas ɗin ya zubar da bakwai. Ranar kuwa rana ce da aiki ya tsaya, shugabanni suna tsaye a bakin ƙofa.

Abin da ya fi wannan shi ne a sa zango a tsakani. Bayanai su fara sauka a kan faifai, da duk irin gudun da suka ga dama, a dunƙule su cikin manyan fayiloli, sannan a kwarara su zuwa tef a tashi ɗaya. Dabarar ba sabuwa ba ce. Manhajar Amanda da aka rubuta a Jami'ar Maryland ta Amurka tana da irin wannan faifan zango tun shekarun 1990, Bacula ma tana da shi, haka manyan manhajojin kasuwa irin su Commvault da NetBackup da na IBM. Faifai ba ya damuwa da jira, tef kuma ya samu abin da yake so. Sai dai zangon dole ya iya bayar da megabait 400 ko fiye ga kowace na'ura, a daidai lokacin da wasu bayanan ke shigo masa. Faifai huɗu masu juyawa ba za su iya ba, shi ya sa SSD ya dace da wannan wuri ko da ƙarami ne. Akwai kuma tarkon da mutane da yawa ke faɗawa, wato mayar da akwatin cire maimaici ya zama zango. Irin wannan akwati yana yanka bayanai gutsi-gutsi ya adana kowane gutsure sau ɗaya, don haka in aka zo karantawa sai ya tsinto su daga wurare dubu ya sake harhaɗawa. Yana da kyau wajen tanadin wuri, amma kafin a dogara da shi wajen ciyar da tef a auna gudun karatunsa, musamman a kan tsofaffin kwafi.

Daga nan ne ake gane cewa yawan na'urori ma yana iya zama illa. In duk abin da hanya ke iya kawowa megabait 400 ne, aka raba shi ga na'urori huɗu, kowace ta samu ɗari, duka huɗun suna kai-komo. A kashe biyu, sauran biyun su samu ɗari biyu-biyu, sai aiki ya riga lokacinsa na da ƙarewa. Girman tubalin rubutu shi ma abin dubawa ne. Tsohuwar manhajar tar, in ba a gaya mata ba, kilobait 10 take rubutawa a kowane tubali, abin da ya dace da na'urorin shekaru arba'in da suka wuce. Na'urorin yanzu suna son kilobait 256 zuwa sama. A dai tabbatar cewa sabar da za a maido da bayanai a kanta ranar masifa tana iya karanta girman da aka zaɓa. Kulle bayanai da lambar sirri kuma a bar wa na'urar ta yi da kanta, tunda tun daga LTO-4 take da wannan iko, kuma sai ta matse kafin ta kulle. Abin da manhaja ta kulle tun daga saba ba ya matsuwa, yana kuma cin ƙarfin sabar.

Akwai dai lokutan da laifin na tef ne da gaske. Na'urar LTO tana karanta abin da ta rubuta nan take, in ta ga bai fito da kyau ba ta sake rubuta shi a gaba. Kan rubutu mai datti ko kaset da ya gaji yana sa ta yawaita wannan, gudu ya ragu ba tare da aikin ya faɗi ba. Alamarsa ita ce kaset ya riƙa cika da wuri, wanda ya saba ɗaukar terabait 12 ya tsaya a 9. Na'urar tana aiko gargaɗi ta tsarin TapeAlert, amma sai in akwai mai karantawa. A wuraren da ƙurar hunturu ke shiga ko ta ƙarƙashin ƙofa, ɗakin tef yana buƙatar tacewar iska fiye da ɗakin sauran na'urori, domin faifai a rufe yake, zaren tef kuwa yana fitowa fili duk lokacin da aka sa kaset. Kaset ɗin wanki a sa shi lokacin da na'ura ta nema kawai, yawan wanki yana cin kan rubutu. Masu LTO-9 kuma su sani cewa sabon kaset, a karon farko da aka sa shi, na'urar tana yi masa daidaitawa da kan kai har awa biyu. Gara a yi wa sababbin kaset wannan da rana, kada ya faɗo a tsakiyar aikin dare.

Wani zai ce me ya sa ake wannan wahala, ba a bar tef gaba ɗaya ba? Saboda kaset ɗin da aka zare aka sa a akwatin ƙarfe babu ɓarawon intanet da zai kulle shi ya nemi kuɗin fansa, ba ya shan wuta, kuma kuɗin kowane terabait a kansa ya fi na faifai sauƙi. A shekarar 2011, lokacin da wani kuskuren manhaja ya shafe saƙonnin wasu masu amfani da Gmail, daga tef Google ya maido da su. Cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janeba har yau a tef take adana bayanan gwaje-gwajenta. Ma'aikatar da ta gaji da jan ƙafar kwafi ta daina yin cikakkensa, ko ta rage shi zuwa sau ɗaya a wata, ta jefa kanta cikin haɗarin da ya fi na da girma, kuma wannan ne ya sa nake ganin gyaran ya cancanci a ba shi lokaci.

In an auna an ga rumbu yana bayarwa, waya tana ɗauka, zango yana kwararawa, kuma na'urar tana tafiya a ƙarshen gudunta amma dare bai isa ba, to lokacin sayen sabuwa ko ƙarin wata ya yi. A nan ma akwai abin lura. Har zuwa LTO-7, kowace na'ura tana karanta kaset na ƙarni biyu da suka gabace ta. A LTO-8 da LTO-9 abin ya koma ƙarni ɗaya: LTO-8 tana karanta na 7 da na 8, LTO-9 tana karanta na 8 da na 9. Wanda ke da ɗaruruwan kaset na LTO-5 ko LTO-6 a ajiye, dole ya bar tsohuwar na'ura ɗaya mai lafiya a jone, ko ya tsara kwashe su zuwa sababbi, kuma awannin wannan kwashewa a cikin lokacin na'urorin nan guda za su fito, don haka a sa su a lissafi tun kafin a sa hannu a takardar saye.